Wa Ya Sauya Hoton Ɗaurin Auren Karkarna?

Murya dai ta liman ce, babu tantama. Ana jin sa yana sanar da sadaki, waliyyin amarya ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, jama'a suka shafa fatiha. Amma a kan allon kwamfutar yara ne sanye da fararen kaya, kowa rungume da allonsa mai zayyana, ana walimar saukar Alƙur'ani. Ba ma a Karkarna aka ɗauki wannan hoto ba. A Roni ne, makonni uku kafin bikin.

Safiyar Alhamis ce, cikin makon da wuta ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa a ƙarshen Oktoba na 2024. Layin Shiroro zuwa Kaduna dama a lalace yake, sai na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi ranar Litinin 21 ga wata, ga litar fetur ta haura naira 1,000. Mai shagon, wani matashi da ke ɗaukar bidiyon biki da suna da taron siyasa a Karkarna, hedikwatar ƙaramar hukumar 'Yankwashi, ya ƙone fetur ɗinsa ne don ya fitar da bidiyon bikin 'yar wani Alhaji da ya yi wa alkawarin ranar Asabar. Da ya ga abin da ya gani, ya kira maigidansa na Kano don ya kai kuka. Kafin ya buɗe baki maigidan ya riga shi.

"Ka ga gyaran kalar da na yi wa kamu ranar Talata?"

Ya duba. Hoton kamun yana nan yadda kyamara ta ɗauko shi, fuskokin 'yan mata sun yi ja saboda hasken fitilar sola, kiɗan ƙwarya ya danne maganar kowa. Aikin yini guda na maigidan babu shi babu dalilinsa. Masifar ta zama biyu ke nan: hoton da ba a gayyata ba ya shigo, aikin da aka yi ya fice.

Su uku ne ke haɗa hannu a kan kowane biki. Mai shagon shi ke ɗauka, ya kuma yi yankan farko a laftof ɗinsa. Ƙanensa, autan gidansu, yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, garin da ya yi suna da karatun kwamfuta tun da aka kafa makarantar fasahar sadarwa a cikinsa zamanin gwamna Saminu Turaki. Shi ke rubuta sunayen ango da amarya da manyan baƙi. Na ukun shi ne maigidan, tsohon mai tace hoto a Titin Zoo na Kano, wanda ya shiga sana'ar tun zamanin kaset, 'yan shekaru bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. Shi ke gyara kala da sauti. A da filash suke ba direba. Daga baya Auta ya kawo shawarar su sayi fili a Google Drive, tunda giga 15 da ake bayarwa kyauta ba ta ɗaukar ko awa guda na hoton kyamararsu. Suka buɗe adireshin Gmail guda ɗaya, kowa ya shiga da shi a kwamfutarsa, ya zamana jakar aiki ɗaya ce ke bayyana a Karkarna da Kazaure da Kano. Duk abin da ɗaya ya canza, rumbun intanet ya kai wa sauran.

Akwai kuma na huɗu da ba a lissafa shi cikin masu aiki: yaron shago, mai riƙe fitila da kyamara ta biyu. Shi ne ya ɗauki walimar Roni. Shi ne ya kwana a shago daren Laraba. Kuma ranar Lahadi sun ɗan yi sa-in-sa da mai shagon a kan sallamarsa. Kafin azahar mai shagon ya gama yanke hukunci a zuciyarsa.

"Oga, wallahi ban taɓa kwamfutar ba. Ko lambar buɗe ta ban sani ba."

"To aljanu ne suka taɓa?"

Maigidan ya ba da umarni biyu ta waya: kada kowa ya sake adana komai a kan aikin, kuma kada a ce wa yaro ko uffan sai ya zo. Zato zunubi ne, in ji shi, ko da ya zama gaskiya. Ya hau mota zuwa Kazaure, daga nan ya ƙarasa Karkarna da la'asar.

Abin da ya fara yi bai shafi manhajar tace hoto ba sam. Ya ce a buɗe masa jakar da aka zuba memorin ɗaurin aure. Aka buɗe. Ya danna fayil na farko, sai ga ƙofar gidan Alhaji, ga tabarmi, ga liman, ga masu rabon goro da alawa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi ko ƙwarzane.

"Wanda ke son ya cuce ka, wannan zai goge," in ji shi. "Bairos ma da ake faɗa, fayil yake lalatawa ko ya kulle shi. Ba ya zaɓo walimar Roni ya jera maka ita daidai inda ka yanka."

Nan ne ya tunatar da su abin da masu tace hoto da yawa ke aiki da shi kullum ba tare da sun tsaya sun yi tunaninsa ba. Fayil ɗin aiki na Premiere Pro babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Umarni ne zalla: je jaka kaza, ɗauko fayil mai suna kaza, nuna shi daga daƙiƙa kaza zuwa kaza, ƙara masa haske kaza. Shi ya sa nauyinsa bai fi mega biyu ko uku ba, alhali hoton da yake magana a kai ya kai giga hamsin ko sittin. Kamar takardar kaya ce a tasha: ita a aljihun yaron mota take tafiya, buhunan kuwa suna bayan tirela. In aka sauya abin da ke rubuce a takardar, za a sauke maka buhun wani, naka yana nan a ɗaure ba wanda ya taɓa shi. Saboda haka tambayar ta canza. Ba wanda ya sauya hoto ake nema ba, wanda ya sauya adireshin hoto a cikin fayil ɗin aiki ake nema.

Sai ya buɗe aikin, ya ƙara girman layin da ake jera yankakkun hotuna. Ya nuna wa mai shagon wasu guda uku da aka yi wa zane-zanen layuka karkatattu a wutsiyarsu. Manhajar tana yin wannan zane ne idan an umarce ta ta nuna abin da ya wuce tsawon fayil. Umarnin ya ce a nuna minti na bakwai, fayil ɗin da ke wurin kuwa a minti biyar ya ƙare. Mutum mai sauya hoto da hannunsa ba zai yi haka ba, domin manhajar ba za ta bar shi ya ja hoto ya wuce ƙarshensa ba. An dai ɗauki umarnin da aka rubuta don wani fayil an ɗora wa wani.

Ya duba adireshin hoton farko. Sunansa C0001.MP4, a cikin jakar walimar Roni. Ya koma jakar ɗaurin aure. Fayil na farko a can ma sunansa C0001.MP4. Na biyu C0002 a nan, C0002 a can. Haka har goma sha huɗu.

"Wa ke goge memori kafin a tafi aiki?"

"Ni ne, Baba," in ji yaron, muryarsa na rawa. "Oga ne ya ce kullum in goge."

"Ka yi daidai. Zauna."

Kyamarar Sony irin tasu, duk lokacin da aka goge memori, sai ta koma lissafi daga C0001. A cikin rumbun nasu akwai C0001 na kowane biki da suna da suka taɓa ɗauka, jaka ce kawai ta raba su. Wannan kuma ya warware batun muryar liman. Ba da kyamara aka ɗauki sautin ba, wata 'yar na'ura ce aka ajiye a gabansa, ita kuwa tana sa kwanan wata a sunan fayil ɗinta, babu mai irin sunansa da za a rikita shi da shi.

Yanzu an san yadda abin ya faru. Saura a san hannun wa.

Google Drive yana riƙe tsofaffin kwafin fayil na kwana 30, ko har su kai guda 100, duk wanda ya riga cika. Maigidan ya ce a kunna data a waya, a shiga shafin rumbun, a buɗe jerin kwafin fayil ɗin aikin. Jerin yana nuna lokacin da aka ɗora kowane kwafi da sunan wanda ya ɗora. Sai dai sunan bai amfane su da komai ba, tunda su ukun da adireshi ɗaya suke shiga. Kowane layi sunan shagon ne a kansa. Abin da ya rage musu shi ne lokaci. Suka sauke kwafi huɗu na ƙarshe a wata jaka daban, maigidan ya rubuta lokacinsu da nauyinsu a bayan wani katin gayyata. Litinin da magariba, mega 2.1. Talata da yamma, mega 2.9. Laraba bayan isha'i, mega 2.1. Sai na ƙarshe, ƙarfe 1:40 na daren Laraba wayewar Alhamis, mega 2.3.

Suka buɗe na Laraba bayan isha'i: ɗaurin aure yana nan daidai. Suka buɗe na ƙarfe 1:40: ga yaran Roni.

"Ka gani ko, Maigida? Ƙarfe ɗaya da minti arba'in. Wa ke shago a lokacin?"

"Ƙarfe nawa ka kashe janareta?"

"Tara."

"Wayar da kuke jona intanet da ita, a ina ta kwana?"

Mai shagon ya yi shiru. A aljihunsa ta kwana, a gida. Ko da yaron ya san lambar buɗe laftof, ko da ya yi abin da ake zarginsa da shi, ba shi da hanyar da zai ɗora fayil a rumbun intanet a wannan sa'a. Maigidan kuma ya ce shi a Kano tun sha ɗaya ya yi barci. Saura mutum ɗaya, wanda ɗakin abokinsa a Kazaure ke da sola, wanda kuma ya saba aiki tsakar dare saboda garaɓasar data.

Aka kira Auta, aka sa wayar a sifika. Bai ɓoye komai ba, don bai san ya yi komai ba.

"Eh, Yaya, ni na buɗe. Sunaye na sa kamar yadda ka ce. Da na buɗe ne ta nuna min wasu hotuna ba sa nan, jan allon nan ya fito. Sai na ce ta nemo C0001. Ta nemo, na danna, sauran duk suka dawo da kansu. Na ma ɗauka na gyara muku ne."

"Ka kalli wurin?"

"A'a, farkon kawai na kalla, inda sunayen suke."

Akwatin da ke fitowa idan hoto ya ɓace yana gwada suna da nau'in fayil, kuma akwai zaɓin da ke cewa in an sami ɗaya a nemo sauran a jakar da aka same shi. Auta ya nuna mata C0001 na Roni, ita kuma ta cika masa sauran goma sha ukun daga can. Ta yi abin da aka ce ta yi.

To me ya sa hoton ɗaurin auren bai kasance a Kazaure ba, alhali tun Lahadi aka zuba shi a jakar? Maigidan ya danna 'yar alamar rumbun da ke ƙasan allon laftof. Har a wannan lokaci tana cewa tana kan ɗorawa. Lissafin ba mai wuya ba ne. Kyamarar tana ɗaukar megabit 50 a daƙiƙa, wato wajen giga 22 a awa. Memorin ɗaurin aure da walimarsa giga 40 ne. In netwok ya yi kirki ya ba da megabit 2 a daƙiƙa wajen ɗorawa, giga 40 na buƙatar awa 44 ba tsayawa. A makon da janareta ke aiki awa biyu a yini, wannan ya haura sati uku. Fayil ɗin aiki mai mega uku kuwa daƙiƙa 12 ya ishe shi. Hoton kamu ya tsira ne don tun daren Juma'a aka soma ɗora shi, lokacin da akwai wuta. Mai shagon yana ganin fayilolinsa a jaka, sai ya ɗauka kowa ma yana ganinsu.

Mai shagon ya ja numfashi ya ce to ai shi ke nan, Auta ne ya goge gyaran kalar ma. Maigidan ya girgiza kai, ya tura masa katin gayyatar.

"Karanta nauyin."

Daga 2.1 ya hau 2.9 ranar Talata, wannan gyaran Kano ne. Daga 2.9 ya sauko 2.1 ranar Laraba bayan isha'i, awanni kafin Auta ya taɓa shi. Gyaran ya riga ya tafi tun kafin ƙarfe 1:40.

"Ranar Litinin da ka gama yanka, ya ka yi da kwamfutar?"

"Na yi sebin, na jira ya hau, na rufe ta. Caji ya kusa ƙarewa."

"Manhajar ka rufe, ko murfin laftof?"

"Murfin."

"Ranar Laraba fa?"

"Na tayar da inji, na buɗe, aikin yana nan yadda na bar shi. Hajiya ce ta aiko a sa hotonta da amarya, na sa, na yi sebin..."

Bai ƙarasa ba. Aikin yana nan yadda ya bar shi, nan ne matsalar take. Manhajar tana karanta fayil ɗin aiki sau ɗaya ne, lokacin da aka buɗe shi, daga nan sai ta riƙe shi a ƙwaƙwalwarta. Da ya jona intanet ranar Laraba, rumbun ya sauko da kwafin Kano cikin daƙiƙoƙi ya ajiye a faifan laftof, shiru ba sanarwa. Abin da ke gabansa a allo kuwa na Litinin ne. Da ya danna adanawa, na Litinin ya hau kan na Talata. A wurin rumbun babu wani saɓani: fayil ya sauka lafiya, an canza shi daga baya, sabo ya maye tsoho, ya kai wa kowa. Dropbox, alal misali, yakan ajiye kwafi biyu ya rubuta wa ɗaya alamar saɓani idan mutum biyu suka canza fayil kafin na ɗayansu ya isa wurin ɗayan. A irin wannan yanayi kuwa, da canjin ya riga ya sauka, babu rumbun da zai san cewa mai adanawar bai ga abin da ya danne ba.

Gyaran bai ɗauki awa guda ba. Suka buɗe kwafin Talata, wanda ke da aikin Kano da adireshin hotuna na gaskiya. Suka shigo da sunayen Auta daga kwafin ƙarshe, suka sake sa hoton Hajiya. Da an ce bikin na wanda ba ya gaggawa ne, aka bar shi wata biyu kamar yadda ake barin wasu, da kwana 30 ɗin sun cika kwafin Talata ya tafi. Maigidan ya nanata musu wannan. Rumbun da ke daidaita jaka tsakanin kwamfutoci ba wurin ajiyar ko-ta-kwana ba ne, don kuskure ma daidaita shi yake yi, da saurin da yake daidaita gyara. Ajiya ta gaskiya faifai ne na daban da ake kwafa a cire a sa a durowa.

Matsalar ba ta ƙananan shaguna ba ce kaɗai, kuma manyan kamfanoni sun yi mata magani irin nasu. A 2020 Adobe ya fito da tsarin Productions, wanda ke kulle aiki idan wani ya buɗe shi, sauran su iya kallo kawai. A 2022 Blackmagic ya haɗa DaVinci Resolve 18 da rumbunsa na intanet don mutane da yawa su yi aiki a kan fim ɗaya. Ga masu aiki a garuruwa daban-daban, duk waɗannan sun fi jin daɗin intanet da ba ya yankewa, wanda a wancan mako ko Kano ba ta da shi. Maigidan ya ce a zamanin kaset ba su taɓa fama da irin wannan ba, don uwar kaset ɗaya ce, wanda take hannunsa shi ke aiki, sauran su jira. Abin da za su yi yanzu shi ne su maido da jiran da bakinsu.

Suka tsayar da ƙa'idoji kafin ya tafi. Duk fayil da ya fito daga memori sai an sa masa kwanan wata da sunan gari a gaban lambarsa kafin ya shiga manhaja. Duk mai buɗe aiki ya rubuta a zaurensu na WhatsApp cewa yana hannunsa, in ya gama ya rufe manhajar, ya jira alamar ɗorawa ta tsaya, sannan ya rubuta ya saki. Kowa ya adana da sabon suna mai lamba, kada a hau kan na wani. Wanda ya ga jan allo ya kira waya kafin ya danna komai. A rumbun za a riƙa ɗora kwafin hoto mara nauyi ne, wanda ke mai da giga 40 kamar biyu da rabi, ya isa yanka da rubutun sunaye. Asalin hoton kuwa, da maigidan ke buƙata don gyaran kala, ya koma hannun direba: faifai a cikin ambulan ya isa Kano daga Kazaure cikin awa biyu, tafiyar da netwok ke yi a awa 44.

Ƙa'ida ta ƙarshe yaron ne ya kawo ta, bayan mai shagon ya nemi gafararsa a gaban maigidan ya kuma cika masa sallamarsa.

"Oga, tunda ni zan riƙa sa wa fayil suna, a buɗe min nawa adireshin. Kowa ya shiga da nasa."

Shi ne ya fi kowa gane inda aka yi sakaci. Da jerin kwafin ya nuna suna huɗu daban-daban, da minti biyar sun isa a san wanda ya adana me, kuma da babu wanda ya yini yana rantsuwa. Inda aiki ba ya rubuta hannun da ya taɓa shi, in abu ya ɓaci ƙaramin cikin gida ake fara kallo. A daren suka buɗe adireshi huɗu, suka raba jakar a tsakaninsu.